Na mari marainiya da azumi a bakina, anya na taɓa sanin Allah?

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni tela ce, ina zaune a Badawa, shekarata 41. Ina da miji da 'ya'ya uku, sai 'yar yayana marigayi, mai shekara 13, wadda na ɗauko daga ƙauye bayan rasuwarsa. Tun ina budurwa aka yi mini baftisma, ina cikin Zumuntar Mata, har ni ce nake ba da waƙa. Amma Mama, ina da zuciya. A watan Janairu, muna tsakiyar azumin farkon shekara, na ba yarinyar nan leshin wata mai biki ta goge, dutsen guga ya ƙone shi. Ban san sa'ad da na ɗauke ta da mari ba. Na kuma ce mata da ta bi ubanta da na huta. Maƙwabciyata, Musulma, ita ta shigo ta janye ta, ta ce mini, "Haba baiwar Allah, ke da kike azumi?" Tun ranar addu'a ta gagare ni. In na durƙusa sai in ji kamar ba'a nake yi wa Allah. Wata huɗu ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, na bar ba da waƙa, na ce musu murya ce ta dishe. Yarinyar tana aikinta, ba ta ce uffan ba. Shekara ashirin ina roƙon Allah ya cire mini wannan hali. Mata suna tashi a zumunta suna ba da shaidar yadda Ubangiji ya sāke su, ni kuwa ina nan jiya i yau. Yesu ya ce mu zama cikakku. Mama, anya na taɓa sanin Allah kuwa, ko dai bin ayari nake yi?

Daga 'yarki a Badawa.

'Yata, na karanta wasiƙarki har sau uku. Zan amsa tambayarki, amma ba da ita zan fara ba, domin a cikin labarin nan akwai wadda ta fi ki jin ciwo, ita kuwa ba ta rubuto mini ba.

Ki sake duba abin da kika aiko. Kin ba ni labarin addu'arki, da waƙarki, da Jibin da kika bari, da kunyar da kika ji a gaban maƙwabciya. Yarinyar kuwa layi ɗaya kika ba ta: tana aikinta, ba ta ce uffan ba. To me za ta ce? Wa za ta faɗa wa? Ubanta yana kabari, gidan da take ci take kwana naki ne, kuma matar da ta rage mata a matsayin uwa ta ce mata gara ta mutu. Zafin mari yakan wuce kafin a kwanta barci. Wannan magana kuwa tana nan a kunnenta duk sa'ad da ta ɗauki tsintsiya, kuma yara masu shekarunta sukan gaskata abin da babba ya faɗa cikin fushi fiye da abin da ya faɗa cikin raha, don a ganinsu fushi ne yake fito da abin da ke cikin ciki. Wata huɗu kina makokin tsarkinki da ya zube, ita kuma wata huɗu tana zaune da zaton cewa nauyi ce a wuyanki.

Ba zan ce miki sharrin Shaiɗan ne mu shafa mu tashi ba. Abin da kika yi zunubi ne, kuma Littafi ya san irinsa da suna. Buɗe Ishaya 58. Mutanen suna ƙorafi, sun yi azumi Allah bai kula ba. Amsar da aka ba su ita ce: a ranar azuminku kuna matsa wa masu yi muku aiki, kuna azumi kuna faɗa, kuna kai naushi. Kamar annabin ya leƙo shagonki ne ya rubuta. Abin da maƙwabciyarki ta faɗa miki ma shi ne wannan, a taƙaice. Kada ki ji haushinta. A garin nan ba bare ba ne ga azumi, ta san abin da ake nufi da kame baki, kuma ranar Allah ya ari bakinta.

Saboda haka kafin mu je ga ko kin san Allah, ki tashi ki je wurin yarinyar. Yesu da kansa ya jera abin haka a Matiyu 5:23-24: in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo. Ke kin yi rabin farko, kin ajiye baikon. Sai dai ba ki je wurin wadda kika ɓata wa ba, ba ki kuma dawo ba. Kin tsaya a tsakar hanya kina kuka.

Na san yadda muke. Babba a ƙasar nan ba ya ba yaro haƙuri da baki. Sai dai ya sayo masa takalmi, ko a ƙara masa nama a miya, a ce ai ya gane. Bai gane ba. Ki samu lokacin da ba kowa, ki zaunar da ita kusa da ke, ki kira abin da sunansa. Ki ce mata: na mare ki, ban kyauta ba. Na ce da kin bi babanki, wannan magana ƙarya ce, ba haka zuciyata take ba, kuma ko da leshi goma kika ƙone ba ki cancanci jin ta ba. Kada ki ɗora "amma ke ma" a bayanta. Da zarar "amma" ta shigo, haƙurin ya koma shari'a. Ki tuna mata cewa ubanta yayanki ne, ciki ɗaya kuka fito, rashinsa ke ma ya taɓa ki. Idan hawaye ya zo miki ki bar shi ya zubo, sai dai kada ki yi kukan da zai sa ita ce za ta koma lallashinki. Kada kuma ki matsa mata ta ce ta yafe nan take. Za ta ce "ba komai, Gwaggo" don tsoro da ladabi, ba shi ne yafiya ba. Yafiyar gaske za ki gan ta ne daga baya, ranar da ta yi dariya a gabanki ba tare da ta dubi fuskarki tukuna ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ki kuma tambaye ta kunnen. Mari mai ƙarfi yana iya fasa dodon kunne, yara kuwa sukan ɓoye. In tana jin ƙara a ciki, ko ruwa yana fita, ko jinta ya ragu ta wannan gefe, ki kai ta asibiti a duba, ki kuma faɗa wa likita gaskiyar yadda aka yi.

Ba daga kan tudu nake miki magana ba. Shekarun da nake koyarwa a firamare, na taɓa ce wa wani yaro a gaban aji ba zai taɓa zama komai ba, don kawai ya kasa jadawalin bakwai. Na manta sarai. Bayan shekaru masu yawa na haɗu da shi a kasuwar 'Yankaba, magidanci da furfura a gemu, ya gaishe ni har ƙasa, ya saya mini kwandon tumatir, sa'an nan cikin murmushi ya maimaita mini maganar, kalma bayan kalma. A lokacin da na faɗe ta ina koyar da Makarantar Lahadi. Na ba shi haƙuri a nan tsakiyar kasuwa, amma na makara da shekara talatin. Ke wata huɗu kawai kika makara.

Yanzu ga tambayarki.

Ke tela ce, bari in tambaye ki. Rigar da kika fara ɗinkawa kina koyo, wadda kika zaga unguwa kina nuna wa mutane, in aka kawo miki ita yau me za ki yi? Farke ta za ki yi. Za ki ga hannu ɗaya ya fi ɗaya, wuya ya karkace, kalmasa ta yi tudu. A wancan lokaci ba ki ga ko ɗaya ba. Rigar ba ta canja ba, idonki ne ya waye. Yau daga bakin ƙofa kike hango karkataccen ɗinki a jikin mace tana tafiya a titi. Ba wanda zai ce don kina ganin kuskure ba ki san ɗinki ba. Wanda bai sani ba shi ne wanda komai daidai ne a wurinsa.

A garin nan akwai gidaje da yawa da ake marin 'yan riƙo safe da yamma, a tashi a tafi sujada ko a kwanta barci lafiya lau, ba abin da ya dami kowa. Ke kin kasa barci. Wa ya hana ki? Wa ya sa maganar da kika faɗa ta zame miki ƙaya a maƙogwaro? Matacciyar zuciya ba ta jin zafi. Ranar da Bitrus ya fara gane ko wanene yake cikin jirginsa, bayan kamun kifin nan da taru ya fara kecewa, bai tashi da rawa ba. Faɗuwa ya yi a gaban Yesu yana cewa ya rabu da shi, don shi mutum ne mai zunubi (Luka 5:8). Ishaya ma da ya ga Ubangiji a Haikali, abin da ya fara tunawa shi ne bakinsa: ya ce shi mai ƙazamin baki ne. Annabi guda, kuma ciwonsa irin naki, baki. Duka biyun ba a kore su ba. A nan take aka ba kowannensu aiki. Abin da kike ɗauka shaida ce cewa ba ki san Allah ba, a Littafi sau da yawa shi ne abin da yake samun mutum in ya matso kusa.

Za ki ce, to Mama, shekara ashirin fa? Mu tsaya a kan Bitrus, don labarinsa ya fi yadda ake wa'azinsa tsawo. Kowa ya san ya yi musun Ubangiji sau uku a farfajiyar babban firist, yana jin ɗumin wutar gawayi. An kuma san cewa bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin teku, gefen wata wutar gawayin, aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, aka damƙa masa tumaki (Yahaya 18:18 da 21:9-17). A nan masu wa'azi suke rufe Littafi. Amma ki je Galatiyawa 2:11-14. Bayan Fentikos, bayan wa'azin da mutum wajen 3,000 suka tuba, bayan shekaru yana jagorar ikilisiya, Bitrus yana Antakiya yana cin abinci tare da 'yan'uwa waɗanda ba Yahudawa ba. Da wasu baƙi suka zo daga Urushalima sai ya janye jiki, don tsoron abin da za su ce. Har Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Wane hali ne wannan? Shi ne dai na daren nan: tsoron idon mutane. Tsohon ciwo ya sake tashi a jikin manzo da furfurarsa. Wa zai ce Bitrus bai san Yesu ba?

Musa kuma zuciya ce irin taki. Tun yana Masar ya kashe Bamasare ya turbuɗe a yashi. Ya sauko daga dutse ya farfasa allunan Doka. Can wajen ƙarshen shekara arba'in a jeji, Allah ya ce ya yi wa dutse magana, shi kuwa ya daka wa jama'a tsawa, ya kira su 'yan tawaye, ya bugi dutsen sau biyu (Littafin Ƙidaya 20). Wannan mutumin ne aka ce Ubangiji yakan yi magana da shi fuska da fuska, kamar mutum da abokinsa. Amma ki lura, don kada ki ɗauki rabin magana: bugun dutsen nan ya hana shi shiga ƙasar alkawari. Allah bai yar da shi ba, bai kuma ce ba komai ba. Haka naki yake. Ba a kore ki daga gida ba, amma abin da kika fasa a zuciyar yarinyar nan sai kin zauna kin ɗinke shi da hannu, kuma zai ɗauki lokaci.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a labarin Bitrus shi ne wannan. Tun kafin ya faɗi, Yesu ya gaya masa zai faɗi, ya ce ya riga ya yi masa addu'a, ya ce in ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa (Luka 22:31-34). Wato da aka kira shi daga bakin teku, an san da daren musu. Ke kina auna zumuncinki da Allah da mudun sanin da kika yi masa. Bulus ya fara rubuta wa Galatiyawa cewa yanzu sun san Allah, sai ya gyara bakinsa a tsakiyar jimla, ya ce ko kuwa dai Allah ne ya san su (4:9). Ranar da aka nutsa ki a ruwan baftisma kina budurwa, ke ba ki san da Janairun bana ba. Shi ya sani. Ke ce kika sha mamakin kanki. Kuma in za ki yarda in taɓa inda yake ciwo, wani kashi na wannan kunya da ta hana ki durƙusawa ba tuba ba ce, girman kai ne da ya ji rauni. Kin ɗauka mai ba da waƙa a zumunta ta wuce nan. Tuba takan kai mutum wurin Allah da wurin wanda ya cuta. Abin da yake sa mutum ya ɓuya a bayan itatuwa, tun daga gonar Aidan, wani abu ne dabam.

Ba ke kika fara wannan tambaya ba, har taro an yi a kanta, a nan nahiyarmu. Wani malami mai suna Felajiyus ya koyar cewa in mutum ya ɗaura niyya sosai zai iya zama ba zunubi. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya tsaya ya ce a'a, kullum muna bukatar alheri kamar yadda muke bukatar abinci. A shekara ta 418 bishop-bishop wajen 200 suka taru a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, suka yanke magana. Cikin abin da suka tsayar akwai wanda nake so ki riƙe: sun ce in tsarkaka suna Addu'ar Ubangiji suka kai wurin roƙon gafara, ba don tawali'u kawai suke faɗa ba, ba kuma a madadin wasu ba. Don kansu suke roƙo, kuma da gaske suke, domin suna da abin da za a gafarta musu. Ki duba addu'ar da kanki. Roƙon gafara yana manne da roƙon abincin yini. Wanda ya koya mana ita ya san za mu bukaci biyun gobe ma.

Ayar da kika kawo, ta zama cikakku, tana Matiyu 5:48. Ki karanta daga aya ta 43. Maganar ƙaunar maƙiyi ake yi, da Uban da yake fito da rana ga mugaye da nagargaru, yana sako ruwa ga masu adalci da marasa adalci. Luka da ya kawo wannan koyarwa, a wurin ya ce ku zama masu jinƙai kamar yadda Ubanku yake (6:36). Cikar da ake nufi ita ce ƙaunar da ba ta ware kowa, ba ta ce wannan ɗana ne, wannan 'yar riƙo ce. Ayar ba sanda ba ce da za ki riƙa dukan kanki da ita a ɗaki. Hanya take nuna miki, kuma hanyar ta bi ta ƙofar ɗakin yarinyar nan. Bulus ma, yana tsufa a kurkuku, ya rubuta wa Filibiyawa cewa bai kai ga kammala ba tukuna, yana dai nacewa (3:12).

Batun shaidar mata a zumunta kuwa, kada ki sa shi a ka. Ba na cewa ƙarya suke yi. Allah yakan yanke wa wani hali dare ɗaya, na ga mashayin da ya ajiye kwalba bai sake waiwaya ba. Amma shaida a gaban jama'a ƙarshen labari ake bayarwa, kuma wanda ya yi daɗi. Ba wadda za ta tashi cikin ankon zumunta ta ce, "'Yan'uwa, jiya ma na zagi mijina." Na shekara fiye da talatin a cikin mata, na san abin da ake faɗa a gaban makirufo, na san abin da ake zuwa a faɗa mini a kicin da murya ƙasa-ƙasa. Mutum tara yake bai cika goma ba, har da masu farin ɗankwali. Da ma ikilisiyoyinmu za su ba da wuri ga shaidar wanda har yanzu yake kokawa, da mutane irinki ba su riƙa ƙaryar dishewar murya ba. Yesu ya ba da misalin mutum biyu a Haikali, ɗaya yana lissafa azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa, ɗayan, mai karɓar haraji, ya tsaya nesa yana bugun ƙirji, ko ɗaga ido bai iya yi ba. Kin san wanda ya koma gida kuɓutacce. Amma ki lura, mai karɓar harajin nan ya je Haikalin. Bai zauna a gida yana jiran ranar da zai cancanta ba.

Wannan ƙaryar murya ki daina ta. Ba sai kin tsaya gaban zumunta kin tona kanki ba, kuma asirin yarinyar ma abin kiyayewa ne. Ki nemi mace ɗaya, dattijuwa mai riƙe baki, ko matar fasto in kin san cikinta yana da zurfi, ki faɗa mata duka. Ki zaɓa da kyau, kin san garinmu, magana takan hau adaidaita sahu ta riga mai ita isa gida. Yakubu ya ce mu riƙa bayyana wa juna zunubanmu, muna yi wa juna addu'a, don mu warke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jibi kuma, Bulus cewa ya yi kowa ya auna kansa, sa'an nan ya ci (1 Korantiyawa 11:28). Awon don a ci ne. Laifin mutanen Koranti ma a wurin shi ne masu hali suna kunyata marasa shi. Ki gyara tsakaninki da marainiyar gidanki, ki yi magana da fastonki in zuciyarki ba ta kwanta ba, sa'an nan ki miƙa hannu ki karɓa. Ba a ajiye magani sai an warke.

Sauran magana ta duniya ce, kuma ba ƙarama ba. Shekara ashirin kina roƙo a cire miki zuciya, amma kin taɓa zama kin duba lokacin da take tashi? Ruwa ba ya tsami banza. Na san telolin garin nan. A karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin hannu don kada a ɓata wa mai kaya, a yi alkawarin Juma'a alhali an san sai Talata, a kwana kan keke in an kawo wuta, a wayi gari da jan ido. Ki ɗora azumi a kai. Sa'an nan a miƙa wa 'yar shekara 13 leshin da aka sayo da tsada a Kantin Kwari da dutsen guga, kayan da ko ƙwararre sai ya shimfiɗa ƙyalle a kai ya rage zafi. Kuskuren farko a ranar naki ne, tun kafin hannunki ya tashi. Rage karɓar aiki shi ma tuba ne. Cewa mai kaya "ba zan iya kafin ranar ba" shi ma tuba ne. Ki je a auna jininki, a shekarunki ya kamata a riƙa dubawa. In azumi yana mai da ke abin tsoro ga mutanen gidanki, ki yi magana da fastonki a kan yadda za ki yi shi, domin wanda Ishaya ya kwatanta ba shi Allah yake nema ba.

Ki kafa wa hannunki doka, ki faɗe ta a gaban mijinki da yarinyar: ba za ki ƙara dukanta ba, komai ta yi. In kin ji abin yana tasowa, kin san alamarsa, ki fice tsakar gida ko ki shiga wurin maƙwabciyar nan taki har ya sauka. Ki ba mijinki izini ya tsayar da ke. Za ki sake yin fushi, ba na yi miki alkawarin ƙarya. Amma tsakanin ɗaga murya da ɗaga hannu akwai tazara, tsakanin faɗa da mugun baki ma akwai, kuma a cikin wannan tazara ake ganin aikin Ruhu shekara bayan shekara. In kuwa kin ga kin kasa, hannun ya sake tashi, to ƙauna ita ce ku zauna da dangi a nema mata inda za ta zauna lafiya, kina ci gaba da ɗaukar nauyinta. Amana ce, ba 'yar aiki ba.

Kin ce ke mai ba da waƙa ce, to kin san tulun da ake bugawa a bayanki. Yumɓu ne, in ya faɗi ya fashe, amma shi yake riƙe da waƙar duka. Bulus ya ce a cikin tukwanen ƙasa muke ɗauke da wannan dukiya, don a san ikon na Allah ne (2 Korantiyawa 4:7). Ko Littafin da ke hannunki ta irin wannan hanya ya iso. A 1900 ayarin 'yan mishan na Bishop Tugwell ya shigo Kano ba tare da an gayyace su ba, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku, wani gari a ƙasar Zazzau, ɗayansu ya rasu a can. Tafiyar ba ta yi kyau ba ko kaɗan. Amma a cikinsu akwai Likita Miller, wanda ya zauna a Zariya daga baya, ya yi ta fama da fassara tare da Hausawan da suka taya shi, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Shekara 32 tsakanin korar da bugun.

Daren yau, in kin durƙusa bakin ya ƙi buɗewa, kada ki ƙirƙiro kalmomi. Ki ari na Dawuda, Zabura 51, ki karanta da ƙarfi kamar yadda kike ba da waƙa. Mutumin da ya yi ta ya aikata abin da ya fi naki muni. In ita ma ta yi tsawo, ta mai karɓar haraji jimla ɗaya ce: ya Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi. Amma ki fara shiga ɗakin yarinyar kafin ki shiga naki.

Ki sake rubuto mini bayan wata guda. Ki gaya mini yadda kunnen yake, da abin da maƙwabciyarki ta ce da kika je yi mata godiya. Ba ki kuma faɗa mini ko yarinyar tana zuwa makaranta ba. Ina so in san ajin da take.

Mamarki.